Musayar Rana Saboda Gonar Baba Ilu

Akwai wata Litinin a shekarata ta farko a aikin lauya wadda har yau ban manta da ita ba. Ƙannenmu da aka rantsar bana ne suka nemi in rubuta musu yadda muka riƙa samun hukunce-hukuncen kotu ta intanet a lokacin da aljihunmu ba komai, sai na ga ba zan iya bayanin ba sai na bi ta kan wannan ranar. Amma ina neman afuwa tun daga farko. An kwana biyu da faruwar abin, kuma a lokacin hankalina ba a kwance yake ba, don haka mai yiwuwa na sa wata magana a gaban wata, ko na ɗora wa wani kalmar da ba tasa ba. Sunaye na sauya su, kotun kuma ba zan ambace ta ba.

Ga wanda ba lauya ba, bari in ɗan yi bayani. Lauya ba ya tsayawa gaban alƙali ya ce “a ganina”. Sai ya nuna cewa wata kotu ta sama ta taɓa yanke irin maganar, ya faɗi sunan shari'ar, ya faɗi shafin. A da waɗannan hukunce-hukuncen suna cikin manyan littattafai ne da ake jerawa a ofisoshin manyan lauyoyi. Yanzu akwai kamfanonin da suka zuba su a manhaja, ka biya kuɗin shekara, a ba ka lambar sirri, ka yi bincikenka ko ta waya. Akwai kuma shafukan kyauta, kuma ina ba kowa shawara ya fara da su, sai dai ba kowane hukunci ake samu a ciki ba, musamman na gado da gonaki waɗanda suka taso daga kotunan shari'ar Musulunci. Hanya ta uku ita ce ka je ofishin magatakardar kotun da ta yi hukuncin ka nemi kwafi mai hatimi. Wannan ita ce mafi inganci, amma tana cin kwanaki, ga kuɗin mota.

Kuɗin manhajar ya fi ƙarfin kowannenmu shi kaɗai. Mu biyar ne da muka gama makarantar lauyoyi tare, muka kama shago ɗaya a Kano muka kira shi ofis, teburi biyu da fanka ɗaya. Sai muka yi karo-karo muka biya rajista ɗaya da sunan ofishin. Mun tambayi kamfanin, suka ce ba laifi tunda ofis ɗaya ne, sai dai mutum ɗaya ne zai iya zama a ciki a lokaci guda. Da zarar wani ya shiga, manhajar za ta kori na ciki ba sallama, duk abin da bai ajiye ba ya tafi. Bayan an yi cacar baki sau biyu a kan haka, muka raba ranaku. Barista Kabiru ya ɗauki Litinin, ni aka ba ni Alhamis, sauran ukun suka raba ragowar. Asabar da Lahadi na wanda ya riga kamawa ne. Kabiru ne ya sa wa tsarin suna adashe, sunan ya bi shi. Aka kuma kafa doka cewa duk wanda ya shiga a ranar wani ba da izininsa ba, ya rasa ranarsa har wata ya ƙare. Ni da kaina na kawo wannan dokar, ni na matsa sai da aka amince da ita.

A lokacin ina zaune a gidan iyayena, a ƙauyenmu da ke yankin Makoda, don ba ni da halin haya a birni. Sau biyu a mako nake shiga Kano. Shi ya sa yawancin waɗanda suka fara kawo mini ƙara mutanen gida ne, waɗanda suka san ni tun ina tallan gyaɗa.

Baba Ilu yana cikinsu. Aminin kakana ne, don haka tun ina ƙarama amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, kuma zamana lauya bai sa ya fasa ba. Yana da gona a bayan gari, mai ɗorawa biyu a tsakiya, wadda yake nomawa shekara ashirin da wani abu. Ɗan ƙanin mahaifinsa, Alhaji Sabo, ɗan kasuwa a Kano, ya kai shi ƙara cewa gonar ta nasa mahaifin ce, shi kuma aro ya ba Baba Ilu lokacin da zai koma birni. Baba Ilu kuwa ya ce rabonsa ne na gadon kaka.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kawo mini takarda. Lauyan Alhaji Sabo, Barista Tanko, wanda ya fara aiki tun ban shiga firamare ba, ya roƙi kotu ta hana kowa shiga gonar har a gama shari'a. Za a saurari roƙon ranar Talata.

Wanda bai san yankinmu ba zai ce ai ɗan jira ne. A wajenmu babu daji, babu saura. Kowace gona tana jingine da wata, iyaka ɗan layin gamba ne ko aduruku. Wanda aka hana gonarsa ba shi da inda zai je ya sare sabuwa. Ga shi ƙarshen bazara ne, hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma, kuma Baba Ilu ya riga ya kwashe takin shekara guda a kan jakuna ya tsiba shi a gonar. Shari'ar gona ba ta ƙarewa a wata biyu. In aka hana shi ranar Talata, daminar bana ta wuce shi, kuma da hatsin wannan gonar gidansa yake ci.

Abin da ya fara zo mini shi ne hauzi. A fiƙihu, wanda ya daɗe yana riƙe da abu a fili, mai da'awa yana gani bai yi magana ba, tsawon riƙon yana iya kashe da'awar. A makaranta mun karanta shekara goma. Na kuma tuna, ko da yake ba da tabbaci ba, cewa akwai wata magana dabam a kan dangi. Ina buƙatar hukunci. Alhamis ɗina ta wuce jiya, Asabar da Lahadi an riga ni kamawa. Sai na rubuta a babban zauren WhatsApp na lauyoyi, inda ake taimakon juna, na ce ko akwai mai hukunci a kan hauzi tsakanin 'yan uwa.

Ba a jima ba wani ya turo hotunan shafuka uku, an rubuta sunan shari'ar da biro a saman na farko. Na karanta, na sake karantawa. Abin da nake nema ne daidai: shekara goma tana yanke da'awa, ko tsakanin bare ne ko tsakanin dangi. Na yi godiya a zauren, har da addu'a ga iyayen wanda ya turo.

Da safiyar Asabar na je na samu Baba Ilu a ƙofar gidansa. Ina jin na ce masa “in Allah ya so” fiye da sau ɗaya, amma na san fuskata ta faɗi abin da ya fi haka.

“Wato amarya, a cikin wayar nan kika kamo maganar?”

“A ciki, Baba. Kotun sama ta taɓa yanke irinta.”

“To in sa yara su ƙaro taki ke nan?”

Na ce ya sa. Ya kuma ce zai sauko da iri daga rumbu a sussuke.

Ranar Lahadi na zauna rubuta hujjojina. Ina kwafe sakin layin nan da hannu sai na lura da wani abu da murna ta hana ni gani. Shafin farko daga tsakiyar jimla ya fara. Na ƙarshe ma a tsakiyar jimla ya tsaya. Babu sunan alƙali ko ɗaya a cikin ukun. Na ce da kaina ai haka hoto yake, mutum yakan ɗauki inda ya dace ne kawai. Na ce ga alamar an tura saƙon sau da yawa, da da matsala da wani ya faɗa. Duk da haka na bi shafukan kyauta ɗaya bayan ɗaya, ban samu shari'ar ba. Na tambayi wanda ya turo ko yana da cikakken, ya ce shi ma haka aka turo masa. Tuwon da Inna ta ajiye mini a ranar sai da ta zo ta ɗauke abinta.

“Ke kuma wannan aikin naku haka yake, kullum kamar wadda ta yi ɓarna?” in ji ta.

Na ce ban yi ba tukuna.

Da safiyar Litinin lambar sirrin tana cikin wayata. Ba abin da zai hana ni shiga in duba. Amma na san Kabiru yana ciki tun asuba, yana haɗa takardun neman belin wani direba da ke tsare, kuma in na shiga zan kore shi a tsakiyar aiki. Sai na kira shi.

“A'a, uwar doka. Lafiya da sassafe?”

“Kabiru, don Allah ina neman ranarka.”

“Ranata? Wa ya ce ko gobara ake yi kada mutum ya taka ranar wani?”

“Ban ce gobara ba.”

“Kin ce abin da ya yi kama da ita. Har da buga tebur.”

Na yi masa bayanin gonar da shafukan uku. Ya ce, “Rukayya, ni ma mutumina yana kwana a kan siminti. Matarsa tun jiya take kirana. Ba zan iya ba ki safiya ba.”

Na ce na sani.

“Kuma shafukan nan, ba kin ce sun faɗi abin da kike so ba? Ki je da su mana. Mutane nawa suke zuwa da irinsu?”

“In Barista Tanko ya tambaye ni wane alƙali ne ya faɗa, me zan ce?”

“Ki ce alƙalin WhatsApp.” Ya yi dariya, ni ban yi ba. Can ya ce, “To ji nan. Daga azahar zan tafi gidan yari in ga mutumin, zan dawo da la'asar. Wannan tsakanin naki ne. Amma adashe ba sadaka ba ne. Alhamis ɗinki biyu nawa ne.”

“Biyu, Kabiru?”

“Ɗaya ta rana, ɗaya ta buga tebur.”

Na amince.

A ƙauyenmu sabis ba ya kamawa sosai a cikin gida. Sai ka fita wajen makarantar firamare, kusa da tankin ruwa, inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Na kai wayata wajen mai caji tun da hantsi, na sayi data da abin da ya rage mini, ina idar da sallar azahar na tafi na zauna a gindin darbejiyar makarantar. Zafi ake yi irin wanda ke zuwa kafin ruwa, ko ganye ba ya motsi. Daga inda nake ina hango gonaki, tsibin taki baƙi-baƙi a jere, ina iya nuna ɗorawun Baba Ilu.

Na rubuta sunan shari'ar kamar yadda yake a hoton, manhajar ta ce babu. Na sauya rubutun sunan, babu. Zuciyata ta fara cewa ko shari'ar ma ba ta taɓa wanzuwa ba. Sai na bar sunan, na nema da kalmar hauzi da kalmar dangi, na bi abin da ya fito ɗaya ɗaya har na gan ta. Wanda ya rubuta da biro ya juya sunayen ne, ya sa na mai ƙara a wurin na wanda ake ƙara, ya kuma yar da harafi ɗaya.

Na danna saukewa. Tana tafiya a hankali kamar ba ta so, ta kai rabi, sai allon ya yi fari, ya ce an shiga daga wata na'ura. An kore ni.

Na kira Kabiru, wayarsa a kashe, don a ƙofar gidan yari ake karɓe waya. Sai na kira ofis. Ashe wata abokiyar aikinmu ce ta buɗe kwamfutar Kabiru za ta buga takarda, manhajar ta shige da kanta. Ta ba ni haƙuri ta rufe. Na sake shiga, na sake farawa daga farko, ina kallon inuwar bishiyar tana matsawa.

Da hukuncin ya buɗe, na gangara har na samu sakin layin nawa. Yana nan, kalma da kalma, ba a sauya komai ba. Sai na ɗaga sama kaɗan, layi biyu kafin inda hoton ya fara. A nan alƙalin ya rubuta cewa ga abin da lauyan wanda ake ƙara ya gabatar. Wato shafukan nan uku ba maganar kotu ba ce. Alƙali ne yake maimaita hujjar lauya kafin ya amsa ta, kamar yadda ake yi a kowane hukunci. Da na ci gaba sai na tarar da amsar: kotu ta ƙi hujjar gaba ɗaya. Ta ce tsakanin dangi na kusa shekara goma ba ta isa, domin 'yan uwa sukan kau da kai ga juna, shirun ɗan uwa ba ya nufin ya sallama haƙƙinsa. Lauyan da nake shirin karanta maganarsa da sunan kotu, shi ne ya faɗi a shari'ar.

Na tuna Baba Ilu ya sa an sussuke iri.

Ban san abin da ya sa na ci gaba da karantawa ba. Wataƙila don na riga na biya Alhamis biyu ne, na ga bai kamata in tashi da saura ba. Can wajen ƙarshe sai kotun ta taɓo wani abu dabam. Ta ce wanda ya ce aro ya bayar shi ne zai kawo shaidu, kuma ba daidai ba ne a fitar da mai riƙe da gona daga cikinta tun ba a tabbatar da da'awar ba. Ba dogon bayani ba ne, kuma ban tabbata zai ɗauki nauyin da nake so in ɗora masa ba. Amma maganar kotu ce, da sunan alƙali a ƙasa. Na ajiye hukuncin duka a waya, na fita daga manhajar da kaina kafin ladan ya kira la'asar, na tura wa Kabiru saƙo cewa ranarsa ta dawo hannunsa.

Daga nan gonar na wuce. Baba Ilu yana tsaye da sanda yana nuna wa 'ya'yansa inda za su sauke mangala.

“Amarya, wannan fuskar fa? Ko kin samu wani tsohon da ya fi ni?”

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, maganar da na gaya maka ranar Asabar ba haka take ba. Takardar da na samu guntuwa ce. Da na ga cikakkiyar, ba ta kashe ƙarar ba.”

“Wayar ce ta fasa?”

“Ni ce na yi gaggawa.”

Ya daɗe yana kallon takin. “To yanzu in ce su tsaya?”

Na ce ban sani ba. Na ce gobe ba zan nemi a kori ƙarar ba, zan roƙa ne kawai a bar shi ya yi noman bana, shari'a tana tafiya, kuma ba zan iya yi masa alkawarin za a yarda ba. Na ce kuma dole ne ya yi wa kotu alkawarin ba zai sayar ba, ba zai jinginar ba, ba zai sare ko reshe ba.

“Sare ɗorawa? Ni da nake cin kalwarta?” Ya juya ga yaran ya ce su sauke wanda suka riga suka ɗauko, kada su koma ɗebo wani. Sannan ya ce, “Je ki, Allah ya ba ki sa'a. Amma ki ci abinci, Innarki ta kawo mini ƙararki.”

Da safiyar Talata na tsaya a wani shagon buga takardu kusa da kotu, na buga hukuncin dukansa kwafi uku, na alƙali, na abokin hamayya, da nawa. Da aka kira ƙarar Barista Tanko ya gabatar da roƙonsa cikin natsuwa, ya zauna, ya ɗora hannu a kan jakarsa yana kallona.

Na miƙe. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, a wannan matakin ba za mu dogara da hauzi ba.” Na miƙa kwafin, na faɗa da bakina cewa kashin farko na hukuncin bai goyi bayanmu ba tunda masu shari'ar dangi ne, sannan na nuna shafin ƙarshe, na karanta, na faɗi alkawuran Baba Ilu.

Barista Tanko ya tashi ya ce abin da na karanta magana ce da kotu ta yi a wucewa, ba ita ce ginshiƙin hukuncin ba. Ina ganin yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma na tsorata da alƙali ya gyaɗa kai. Alƙali ya daɗe yana juya shafukan. Sannan ya tambayi Alhaji Sabo ko shi yana da niyyar noma gonar bana. Alhaji Sabo ya ce shi dai a hana kowa. Alƙali ya ce bai ga wanda zai amfana ba in aka bar gona mai taki ta kwana damina ba shuka, ko da daga baya ta zama ta mai ƙara. Ya yanke cewa Baba Ilu ya yi nomansa bisa alkawuran da ya ɗauka, ya sa ranar jin shaidun aro.

A waje, ina tattara takarduna, Barista Tanko ya tsaya kusa da ni. Ya buɗe jakarsa ya zaro wannan hukuncin, cikakke, an naɗe kusurwar shafi ɗaya, an ja jan layi a ƙarƙashin layukan nan biyu.

“Ni ma ina cikin zauren nan,” in ji shi. “Na ga tambayarki, na ga shafukan, na ga addu'ar da kika yi wa iyayen mutumin. Na zo ne in bar ki ki karanta ki gama, sannan in roƙi kotu ki ɗan ɗaga sama ki karanta mana layi biyu.”

Na dubi jan layin, shi kuma ya jefo mini tambaya.

“Wa ya gaya miki?”

“Ba kowa, ranka ya daɗe. Tsoro ne kawai.”

Ya mayar da takardar jaka. “To ki riƙe tsoron nan. Ya fi rajistar da kuka biya tsada.”

Ruwan shuka ya sauka a cikin makon, Baba Ilu ya shuka geronsa. Yadda asalin shari'ar ta ƙare ba zan shiga ciki ba, don magana ce ta iyali kuma ba ita aka tambaye ni ba. Kabiru ya karɓi Alhamis ɗinsa biyu bai rage mini ko awa ɗaya ba. A zamanmu na gaba ni na nemi a sassauta dokar, a yarda da musayar rana in mutum yana da zama a kotu washegari, aka yi mini dariya, sannan aka amince.

Abin da zan ce wa ƙannena kaɗan ne, kuma ba na cewa hanyarmu ce mafi kyau. Ku haɗa kai ku biya rajista tare in kamfanin ya yarda, ku tambaye su tukuna. Ku bar wa juna ƙofar musaya tun ranar da kuke raba ranaku. Abin da aka turo muku kyauta ku karɓa da godiya, amma ku ɗauke shi a matsayin kwatancen hanya, kada ku kai shi gaban alƙali sai kun ga farkonsa da ƙarshensa da sunan wanda ya sa hannu. Kada kuma ku gaya wa mai gona ya ƙaro taki sai kun karanta har shafin ƙarshe. A wannan aikin abokin da ya tsokane ka zai iya ba ka azahar ɗinsa, babban da ya gaishe ka da fara'a kuma zai iya zuwa da jan layi a jaka, kuma dukansu aikinsu suke yi.

Na rubuta gargaɗi a zauren a kan shafukan nan uku tun a wancan makon. Duk da haka kwanan baya na sake ganinsu, wani ya tura wa wata sabuwar lauya, ta yi godiya. Na kira ta.

Barista Kabiru, da abokiyar aikinmu da ta buɗe kwamfutar, da duk wanda yake kotun a ranar, in kun ga inda na kauce ku aiko mini da gyara, zan sa shi a ƙasan wannan rubutun da sunanku in kun yarda. Kabiru ya riga ya ce Alhamis uku ya nema ni na roƙa ya rage, ni kuwa biyu nake tunawa.